Sha-ka-fashe: maganin da ba a barinsa dare ɗaya

A garuruwa irin su Tsaskiya, da ke yammacin jihar Katsina a ƙaramar hukumar Safana, manomin da jikinsa ya yi tsami bayan wunin gona ba asibiti yake fara nufa ba, kemis yake zuwa. A cikin 'yan ƙwayoyin da akan ƙulla masa a leda, ba wuya a tarar da wata 'yar ƙarama mai arha wadda likitoci ke kira deksametason.

Wannan ƙwaya tana cikin waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, wato magungunan da 'yan mata da zawarawa ke sha domin su yi ƙiba, musamman idan biki ya matso. Danginta ne ke cikin yawancin mayukan bilicin masu saurin haska fata. Ita ce kuma ƙwayar da masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila suka bayyana, a ranar 16 ga watan Yunin 2020, a matsayin magani na farko da aka tabbatar yana rage mutuwa a tsakanin masu fama da cutar korona mai tsanani.

A 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya da ke bukatar matakin gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Hukumar ta kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da ke cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da kayan haska fata. Tun daga lokacin ake ta kame da faɗakarwa, malamai kuma na wa'azi a kan mumbari, kuma saƙon kusan ɗaya ne: a daina.

Sai dai wannan rukunin magunguna yana da wata ɗabi'a da ta raba shi da kodin ko taramol. Wanda ya shafe watanni yana shan deksametason, idan ya ji wa'azi yau ya watsar da ita gobe, yana iya rasa ransa cikin 'yan kwanaki. Dalilin haka yana cikin yadda jikin ɗan Adam yake ƙera irin wannan sinadari da kansa, da kuma yadda yake rushe shi.

Jakadun jiki

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce girman ɗan yatsa ba, tana zaune kamar hula. Likitoci na kiranta adirenal. Aikinta shi ne ta ɗauki wani nau'in maiƙo da ake kira kolestarol ta sarrafa shi zuwa sinadaran da jini ke kai wa sassan jiki a matsayin saƙo. Irin waɗannan jakadu su ake kira homon, kuma dangin da ake ƙerawa daga kolestarol su ne sitiroyid.

A cikin wannan dangi akwai sinadaran da ke fitar da siffar namiji da ta mace a lokacin balaga, da wanda ke riƙe ciki har ya kai wata tara, da wanda ke tsare gishiri a jiki. Babbansu a wannan magana shi ne kotisol. Shi ke ɗaga suga a jini idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba, shi ke hana ƙarfin bugun jini faɗuwa idan an yi rauni ko zazzaɓi, shi ne kuma ke ja wa garkuwar jiki linzami don kada kumburi ya wuce kima. Yakan yi yawa a jini da asuba, ya ragu a tsakar dare.

Jikin baligi yakan ƙera kimanin miligiram 10 zuwa 20 na kotisol a rana. Deksametason kwaikwayonsa ne da aka haɗa a masana'anta, amma ya fi shi ƙarfi kusan sau 25. Ma'ana ƙwaya ɗaya mai rabin miligiram ta yi kusan daidai da abin da jiki ke samarwa a wuni guda. Mai shan biyu da safe biyu da dare tana ɗora wa jikinta ninki huɗu na abin da aka halitta shi a kai, kuma ba tare da hutun dare ba.

Sarakunan ƙofa

Abin da ke hana kotisol na halitta yin ɓarna shi ne wasu sinadarai da ake kira enzayim, waɗanda ke ƙera shi, su kunna shi, su kashe shi, kowanne a inda aka ajiye shi. Kamar yadda a da kowace ƙofar birnin Katsina take da sarkin ƙofarta, haka kowace gaɓa take da nata mai tsaro.

A ƙoda akwai enzayim da masana suka yi wa lamba 11-beta-HSD na biyu. Yana kama kotisol ya mayar da shi kotison, wanda ba ya aiki. Ba don shi ba, da kotisol ya sa ƙoda ta riƙa tara gishiri da ruwa har hawan jini ya kama mutum. Masu bincike a Edinbara ta Sukotilan da Melbon ta Ostireliya ne suka fayyace wannan a 1988. Wani abin da ya taimaka musu shi ne saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda ake jiƙawa a sha a Masar lokacin azumi: tana toshe wannan enzayim, shi ya sa mai yawan shanta jininsa kan hau.

A hanta da cikin kitse kuma akwai ɗan'uwansa, na ɗaya, wanda ke yin akasin haka, yana farfaɗo da kotison ya koma kotisol.

Inda wannan tsaro ya fi muhimmanci shi ne a jikin mai juna biyu. Mabiyiya cike take da enzayim na biyu, wanda ke kashe mafi yawan kotisol ɗin uwa kafin ya isa ga ɗan tayi. Yana kuma kashe mafi yawan firedinisolon, wani maganin sitiroyid da ake ba masu asma. Deksametason da betametason kuwa an ƙera su ne ta yadda wannan mai tsaro ba ya iya riƙe su sosai, saboda haka suna ratsawa su shiga jinin jariri. Likitan da ya san aikinsa, idan uwa yake son yi wa magani sai ya zaɓi firedinisolon, idan kuma jaririn yake son maganin ya kai wa sai ya zaɓi deksametason. A kan kantar kemis duka biyun maganin ciwon jiki ne, wanda ya fi arha shi ake miƙawa.

Amaryar da ta fara shan sha-ka-fashe kafin biki, ta ci gaba da sha bayan ta samu ciki, tana shayar da ɗan tayinta maganin da mabiyiya ba ta iya tarewa. Ba ƙwaya kaɗai ba: wani bincike da aka wallafa a 2007 kan mata masu juna biyu a Dakar, babban birnin Senegal, ya gano cewa masu shafa mayukan bilicin da ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi sun fi haifar jarirai marasa nauyi, mabiyiyarsu ta fi ƙanƙanta, kuma kotisol na jininsu ya yi ƙasa.

Akwai kuma enzayim na hanta mai lamba CYP3A4, wanda ke rushe magunguna masu yawa, ciki har da sitiroyid, domin a fitar da su. Wasu magunguna na zaburar da shi, wasu na danne shi. Rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, yana zaburar da shi ƙwarai, har likitoci kan ninka adadin firedinisolon ga wanda ke shan su tare. Wannan ba ƙaramin batu ba ne a Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka yawan masu tarin fuka. Ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a ƙarƙashin fatar hannu su ma sitiroyid ne, kuma rifamfisin na rage musu ƙarfi. A wani bincike da aka wallafa a 2016 daga Yuganda, mata 3 cikin 20 da ke da ashanar kuma suke shan efabirenz, maganin cuta mai karya garkuwar jiki wanda shi ma yake zaburar da enzayim ɗin, sun ɗauki ciki cikin shekara guda. Daga baya an maye gurbin efabirenz da wani magani ga akasarin masu karɓa a Nijeriya. Ritonabir kuwa, wanda har yanzu ake ba wasu masu wannan cuta, danne enzayim ɗin yake yi, ta yadda sitiroyid kaɗan ma, ko na shaƙa ne, kan taru a jini ya yi illa.

Yadda ya zama na kowa

A watan Satumban 1948 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata mata mai shekaru 29 allurar kotison. Amosanin gaɓɓai ya hana ta tashi daga gado. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein lambar yabo ta Nobel. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne kotison ɗin da suke bayarwa ba ya aiki sai hantar maras lafiya ta kunna shi.

A wancan zamani daga ruwan matsarmamar shanu ake haɗa maganin, ta matakai fiye da talatin, kuma giram ɗaya ya kai kimanin dala 200. Abin da ya karya farashin shi ne wata doyar daji ta ƙasar Meziko, da kuma wata funfuna da masanan kamfanin Upjohn suka gano a farkon shekarun 1950, wadda enzayim ɗinta ke yin mataki mafi wahala a tashi ɗaya. Kafin ƙarshen shekarun 1950 deksametason ya shiga kasuwa. An ƙara masa sinadarin fulorin da wani ɗan reshe, abin da ya sa jiki ba ya saurin rushe shi: aikin kotisol kan ƙare cikin sa'o'i 8 zuwa 12, nasa kuwa yakan kai kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, ko fiye.

Amma tun a shekarun farko likitocin Mayo suka lura cewa marasa lafiyarsu na kumburin fuska, wasu hankalinsu na rikicewa, kuma da an tsayar da maganin ciwon ke dawowa.

Magani ɗaya, sakamako biyu

Babu abin da ya nuna yadda amfanin wannan magani ya rataya ga hannun da ya bayar da shi kamar labarin bakwaini.

A ƙarshen shekarun 1960 wani likitan haihuwa a ƙasar Niyuzilan, Graham Liggins, yana gwaji a kan tumaki sai ya lura cewa 'yan tumakin da aka haifa kafin lokaci suna iya numfashi idan sitiroyid ya riga ya kai gare su a ciki. A 1972 shi da abokin aikinsa Ross Howie suka nuna cewa haka abin yake ga mutane: allurar da aka yi wa uwa kafin haihuwa tana nunar da huhun bakwaini. Wannan ya zama al'ada a asibitocin ƙasashe masu arziki.

Da aka zo faɗaɗa shi zuwa ƙauyukan ƙasashe matalauta sai labari ya sha bamban. Wani babban gwaji da aka yi a Ajantina da Gwatamala da Indiya da Kenya da Pakistan da Zambiya, wanda sakamakonsa ya fito a 2014, ya horar da ma'aikatan lafiya na karkara su riƙa yin allurar ga duk matar da suke zaton za ta haihu kafin lokaci. Mutuwar jarirai ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi da kusan 3.5 a cikin kowace haihuwa dubu, kuma an samu ƙarin alamun kamuwa da ƙwayoyin cuta a jikin iyaye mata. Akasarin matan da aka yi wa allurar ba bakwaini suka haifa ba, domin babu na'urar da za ta tantance watannin cikin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwajin a asibitoci 29 na Bangaladash da Indiya da Kenya da Nijeriya da Pakistan, a kan mata 2,852, amma a wannan karon sai an tabbatar da watannin ciki da hoton na'ura, kuma akwai iskar oksijin da kulawar jarirai. A sakamakon da aka wallafa a 2020, jarirai kashi 19.6 cikin ɗari ne suka mutu a rukunin da aka yi wa deksametason, a ɗaya rukunin kuwa kashi 23.5.

Haka ma a cutar korona. Miligiram 6 a rana, na tsawon kwanaki goma ko ƙasa da haka, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu karɓar oksijin. Ga waɗanda ciwonsu bai kai haka ba, bai amfana musu komai ba. A zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa kuwa cutarwa yake yi. David Warrell, likitan Ingila da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1970 yana nazarin saran maciji, shi ne ya jagoranci gwajin da aka wallafa a 1982 daga ƙasar Tailan, wanda ya nuna cewa deksametason na tsawaita suman irin waɗannan marasa lafiya. Duk da haka, yaron da ya suma da zazzaɓi a ƙauye lokacin damina, ba abin mamaki ba ne wannan allura ta kasance cikin waɗanda mai kemis zai fara zuƙowa.

Ƙibar da ba ƙiba ba

A ƙasar Hausa rama alama ce ta wahala ko ciwo ko rashin kwanciyar hankali a gidan miji, kuma wadda ta yi ɓulɓul akan ce hutu ya karɓe ta. Sha-ka-fashe na sayar da wannan kamanni a kan kuɗi kaɗan. Yana buɗe ciki, yana tara ruwa, yana kwashe kitse ya jibge shi a kumatu da bayan wuya da tumbi. A lokaci guda yana cin tsokar cinya da damtse, don haka mai shansa takan yi fuska kamar faranti da ƙafafu sirara, tashi daga tabarma ma ya zame mata aiki.

Likitan Amurka Harvey Cushing ne ya siffanta wannan yanayi a 1932, a jikin masu wani ƙari da ke sa jiki ƙera kotisol fiye da kima. Wannan ƙari ba kasafai ake samunsa ba. A yau mafi yawan masu wannan siffa a duniya daga magani suka same ta.

Abin da ido ba ya gani ya fi yawa. Suga na hawa har ya zama ciwon suga, jini na hawa, ƙashi na zaizayewa, wani lokaci kan ƙashin ƙugu ya mutu har mace mai shekaru ashirin da 'yan kai ta koma ɗingishi. Yanar ido kan fito. Al'ada kan rikice. Idan aka haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak, kamar yadda ake yi a haɗin leda, haɗarin gyambon ciki mai zubar da jini na ninkuwa. Tarin fuka da ke kwance a huhu shekara da shekaru kan farka, kuma saboda maganin na danne zazzaɓi, ba a farga sai ya yi nisa.

Ta fata ma haka. Kolobetasol, wanda ya fi yawa a mayukan bilicin, an ƙayyade wa likitoci kada su wuce giram 50 a mako, kada kuma a wuce makonni biyu a jere. Mai bilicin tana shafa shi tun daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare, shekara da shekaru. Fata takan yi laushi kamar takarda, nankarwa mai faɗi ta fito, ƙyasbi da makero da ƙazuwa su bazu, rauni kuma ya ƙi warkewa. Likitocin tiyata sun san wahalar ɗinke irin wannan fata bayan an ciro jariri. A watan Maris na 2025 BBC ta ba da rahoton yadda wasu iyaye mata a Kano ke shafa wa ƙananan 'ya'yansu irin waɗannan mayuka, alhali fatar yaro ta fi ta babba tsotse magani.

Tsokar da ta yi barci

Ƙwaƙwalwa ce ke ba adirenal umarnin aiki, ta hanyar wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinta. Idan ta ga jini cike da sitiroyid, ba ta bambance na kemis da na halitta, sai ta daina aika umarni. Bayan makonni uku zuwa huɗu a haka, tsokar takan fara shanyewa. Idan an ɗauki watanni, farfaɗowarta na iya cin wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye.

A wannan tsakanin ran mutum ya rataya ne ga ƙwayar. Ranar da ta yanke, ko ranar da zazzaɓi ko naƙuda ko rauni suka bukaci kotisol mai yawa jiki ya kasa bayarwa, sai kasala mai tsanani ta zo, da amai da gudawa da ciwon ciki, jini ya faɗi, suga ya faɗi, mutum ya suma. Likitan Ingila Thomas Addison ya siffanta irin wannan mutuwa tun 1855, a jikin mutanen da akasarinsu tarin fuka ne ya cinye musu adirenal.

Duk wanda ya san ƙauye ya san sunan da za a ba waɗannan alamu: maleriya, ko taifot, ko kwalara idan damina ce, ko kuma a ce jifa ne. Maganin kuwa sananne ne kuma ba shi da tsada, allurar haidirokotison miligiram 100 ga baligi da ƙarin ruwa, amma sai wanda ke duba maras lafiyar ya yi tunanin abin. Ita kuma mai shan sha-ka-fashe ba ta cika faɗa ba. Sau da yawa mijinta ma bai sani ba.

A nan ne yanayin yammacin Katsina ya shigo cikin lissafi. Safana da Batsari suna bakin dajin Rugu, suna kuma cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba tun daga shekarun 2010. Ƙauyuka sun tashi, ma'aikatan lafiya da dama sun ƙaurace wa wuraren aikinsu, tafiya zuwa babban asibiti a Dutsin-Ma ko Katsina ta zama abin da ake yi da addu'a. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe wasu hanyoyi, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na tsawon watanni. A 2025 al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Batsari da Safana, sun ƙulla sulhu da 'yan bindiga.

Irin waɗannan shekaru na yin abu biyu. Suna mayar da mai kemis likita da nas da ungozoma, domin shi kaɗai ya rage a gari, kuma adalci ne a faɗa cewa da yawansu sun tsaya a lokacin da wasu suka gudu. Suna kuma sa magani ya riƙa yankewa ba shiri. Macen da ta gudo da daddare da goyo a baya, ko dattijon da aka yi garkuwa da shi makonni a daji bayan ya shekara yana shan haɗin ciwon gwiwa, an raba su da ƙwayar da jikinsu ya dogara a kanta, su kansu kuma ba su san sun dogara ba.

Hani ko tsari?

A doka, lasisin mai kemis na magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne kawai, kuma deksametason da firedinisolon ba sa cikinsu. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta ƙara wa iko, ita ke da alhakin sa ido. A watan Fabrairun 2024 ita da NAFDAC sun rufe shagunan magani fiye da dubu a yankin Sabon Gari na Kano, domin tilasta wa 'yan kasuwa komawa sabuwar cibiyar sari da ke Dangwauro a kan hanyar Zariya. Tun da daga Kano ne kaso mai yawa na magungunan arewa maso yamma ke fitowa, wannan mataki na iya tasiri har Tsaskiya. Sai dai ya fi shafar inganci da asalin magani, bai taɓa tambayar wa ake sayar wa da kuma don me ba.

Wasu na ganin a yi wa sitiroyid irin abin da aka yi wa maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta a watan Mayun 2018. Wannan ra'ayi bai yi la'akari da waɗanda ba su da rayuwa sai da shi ba. Mai asma da numfashinsa ya sarƙe yana bukatarsa a daren. Yaron da ƙodarsa ke zubar da sinadarin gina jiki har ya kumbura yana bukatarsa na makonni. Akwai kuma jariran da ake haifa, kimanin ɗaya cikin 15,000 a duniya, da rashin enzayim ɗin da ke ƙera kotisol. A jikinsu kayan aikin kan karkata zuwa ƙera sinadarin maza, don haka 'ya mace takan zo da al'aura mai rikitarwa, abin da ake kira mata-maza, ɗa namiji kuwa yakan zo lafiya lau a ido, sannan a mako na biyu ko na uku ya kama amai ya bushe ya mutu. Haidirokotison na kullum shi ne ke raya su. Ƙasashen da suka haramta mayukan haska fata, irin su Kwaddibuwa a 2015 da Ruwanda a 2018, sun kori kayan daga kan kanta, amma cinikin ya koma ƙarƙashinta.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne gyara saƙon. Faɗakarwar da ta tsaya a kan "a daina" gudun gara ne a faɗa gidan zago ga wadda ta daɗe tana sha. Abin da likitoci ke yi shi ne rage adadin sannu a hankali cikin makonni ko watanni, sau da yawa bayan sun sauya deksametason da wani mai gajeren aiki, domin a ba adirenal damar farkawa. Mai bilicin ma da ta tsaya rana ɗaya fuskarta kan yi ja ta yi zafi ta feso da ƙuraje, abin da ke mayar da yawancinsu ga man cikin mako guda suna ganin ba su da mafita. Limamin da ke huɗuba a kan canza halitta, da malamar Islamiyya, da mai gyaran amare, duk suna isa inda jami'in NAFDAC ba ya isa, kuma jimla ɗaya ce suke bukatar ƙarawa: wadda ta wuce wata guda tana sha ko shafawa, ta je asibiti a rage mata, kada ta yanke da kanta, kada kuma ta zaɓi watan azumi ta yi hakan ba shawara.

Ga ƙananan asibitocin da suka rage a Safana da Batsari, bukatar ba ta wuce kwalbar haidirokotison a cikin akwatin gaggawa ba, da kuma ma'aikacin da aka koya wa ya dubi kumatu da bayan wuya da gwiwoyin yatsun maras lafiyar da aka kawo a sume, ya fitar da maza daga ɗakin, sannan ya tambayi 'yar rakiya abin da take sha ko take shafawa.